Kujera Arba'in da Ɗaya

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Inna, tana samun barci kuwa? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Ka san aikina: duk wata kamfanonin jiragen waje su turo adadin fasinjojinsu, ni in haɗa wa gwamnati. Jiya a lissafin na iso kan jirgin ranar da ka ce Baba na nemana, na ce maka babu wuri. Ƙarya na yi, Yaya, tsoron tambayar oga hutu na ji. Jirgin ya tashi da kujeru arba'in da ɗaya babu kowa a kansu. Da hannuna na rubuta adadin.

Allah ya jiƙan Baba. Ya sake ambatona kafin ya rasu? Kada ka lallashe ni da ƙarya, tawa ta isa.

Ƙaninka