Tayoyin Motar Haihuwa

Hamdara, watan Yuni.

Zuwa ga Kawuna Alhaji Mahamud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Hajjo da yaran gida duka. Yaya Abijan, yaya kasuwa, yaya kuma gwiwar nan da ke damunka in an yi ruwa? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranka, ya bar mana kai. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innata, ƙanwarka Delu, ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita bayan ƙaramar salla, har ta koma kan awakinta tana faɗa da kowa a kan dusa. Maigidana Zakari yana gaishe ka, sun kusa rufe lakwal, wato makaranta, yana ta fama da jarrabawar yara. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shukar gero a jigawa, amma tsiron bai yi ƙarfi ba tukuna.

Kawu, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali kullum ta salula muke magana. Sau uku ina danna wayar in aiko maka da murya, sai in fasa in goge. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, in ba mai zuwa ya kawo maka. Maganar motar nan ce da ka saya wa garinmu shekara uku da suka wuce don kai mata masu naƙuda Zinder, da kuma shoferinta Suma'ila, wanda ka ce a karɓe makullai daga hannunsa. Abin da aka gaya maka ba haka ya faru ba, kuma ni ce na fi kowa sani.

Ka tuna a watan Maris Suma'ila ya kira ni ya nuna mini tayoyin motar, sun siɗe sun yi sumul, har zare ya fara leƙowa a ɗaya. Na sanar da kai, ba ka kwana biyu ba ka turo kuɗin da zai isa a sayi huɗu masu nagarta, ka ce kada a yi wasa da su. Maigari da dattawa suka ce in riƙe kuɗin, tunda ni ce ungozomar gidan likita, mu je tare da Suma'ila. Muka tafi Zinder ranar Alhamis, muka sauka shagon wani dattijo mai sayar da taya da ake kira Mala, kusa da tasha. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya jero mana iri uku a ƙasa. Akwai sababbi masu tsada, baƙaƙe masu nauyi, da ƙyar na iya ɗaga gefen ɗaya. Akwai sababbi masu araha, rabin kuɗin waɗancan, suna ƙyalli har sun fi su kyan gani. Sai kuma okaziyo, waɗanda aka taɓa amfani da su a waje aka kawo, ya nuna mana lambobi huɗu a jikinsu masu faɗin mako da shekarar da aka yi su, ya ce sun tsufa ko da zanensu bai goge ba, shi kansa ba zai ba mu su ba.

Suma'ila ya durƙusa ya danna gefen mai arahar da babban yatsa, ya lotsa. Ya danna na mai tsadar, ko motsi. Ya ce mini in duba da kaina. Ya yi mini bayani cewa hanyarmu rairayi ce kafin a hau titi, dole yake rage iska don kada motar ta kafe, kuma gefen taya ne ke shan wahalar wannan, daga nan a hau titi mai zafi da kaya a baya. Mala ma ya ce mai arahar ba ta da laifi a taksin da ke yawo cikin gari, amma in motarsa ce, kuma rai za ta ɗauka, ba zai sa mata ba.

Na ji duk wannan, Kawu, da kunnena. Amma raina yana kan rufin ɗakin haihuwa. Bara da damina ruwa ya riƙa zuba mana a kan gadon, har akwai ranar da na karɓi haihuwa wata mata tana riƙe mana da tabarma a sama. Na rubuta wa manyanmu sau biyu ba amsa. Sai na ga in muka ɗauki masu araha, ragowar za ta sayi kwano da katako a gyara rufin kafin ruwa. Na ce wa Suma'ila taya taya ce, duk sababbi ne. Ya roƙe ni, ya ce ko biyu masu kyau mu saya a sa a baya. Na ƙi. Da ya nace, na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta: na ce shi aikinsa tuƙi, kuɗi kuwa ni aka ba. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha wani abu, a gaban baƙo. Ya mirgina tayoyin ya kai wa mai faci aka ɗaura. A hanyar dawowa ya ce in daure in gaya maka abin da muka yi. Na ce zan gaya maka da kaina. Da muka iso sai na ce wa dattawa an sayo taya, kuɗi kuma ya yi saura an sayi kwano, kowa ya sa mini albarka. Kai ma na ce maka an gama, ban ƙara komai a kai ba.

Ranar Talata ta biyu a watan Mayu, da hantsi, aka kawo mini Barira matar Adamu, ɗan Malam Sha'ibu na bakin rijiya, wanda ka sani yana yaro. Cikinta na fari ne bayan shekara shida da aure. Ina duba ta na ga jini yana zuba fiye da yadda ya kamata, na san wannan ya fi ƙarfin hannuna. Muka shimfiɗa mata katifa a bayan motar, ni da mijinta muka zauna gefenta. Mun fita rairayi lafiya, Suma'ila ya tsaya ya ƙara iska da famfonsa kamar yadda ya saba, muka hau titi rana tana tsaka. Ka san zafin Mayu a nan, ƙarfen motar ma ba ya taɓuwa. Ba gudu yake yi ba, wallahi, ina ganin allurar gudun motar ta gilashin baya. Ba mu kai Mirya ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta karkace ta fara rawa. Tayar baya ce ta fashe. Suma'ila ya riƙe sitiyari da iya ƙarfinsa, ya hana ta kifewa, amma ta sauka daga titi ta daki bakin kwalta, ta gaba ita ma ta tsage a gefe. Da wani ne ba shi ba, da yanzu ta'aziyyar mutum huɗu kake karɓa.

Tayar ajiya ɗaya ce gare mu, ga biyu sun mutu. Ba ranar kasuwa ba ce, titin shiru. Salula ba ta kamawa a wurin, sai da Adamu ya hau tudu yana ɗaga ta sama. Suma'ila ya tuɓe rigarsa ya ɗaura a sanda ya tsaya tsakiyar titi. Mota biyu suka wuce cike maƙil da mutane, ba wurin kwantar da mai naƙuda. Ni kuwa ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama, ina sa kunne a cikin Barira ina jin bugun zuciyar ɗan yana raguwa. Ta kama hannuna ta ce in gaya mata gaskiya, na ce mata komai lafiya. Kusan awa biyu muka yi kafin wata motar albasa ta tsaya, mai ita ya sauke buhuna a bakin hanya ya ɗauke mu, Allah ya saka masa. A Zinder aka shiga da ita tiyata nan take. Barira ta rayu. Ɗan namiji ne, an ciro shi ba rai.

Kafin mu dawo gari magana ta riga mu. Wani ya ga fasassun tayoyin ya ce ai waɗannan na banza ne, ba irin waɗanda Alhaji ya biya ba. Daga nan aka ce Suma'ila ne ya canja su ya ci kuɗin, wasu suka ƙara da cewa gudu yake yi. Ita ce maganar da ta iso maka, ka yi fushi, kuma kana da gaskiyar yin fushi. Maigari ya karɓi makullan. Aka tambayi Suma'ila, ya ce shi bai ci kuɗin kowa ba, bai kuma ambaci sunana ba. Ni kuma na yi shiru kwana goma sha ɗaya. Ina zuwa aiki, ina duba mata a ƙarƙashin sabon rufin, ina jin ana zaginsa a bakin ƙofa. Ya daina zama majalisa, in an idar da salla shi ne farkon fita. Ko Zakari ban gaya wa ba, sai dai ya ga na daina cin abinci.

Ranar awon yara Husaina matar Suma'ila ta kawo 'yarta. Na san ya gaya mata, na gani a idonta. Ta gaishe ni da kyau, ta miƙo mini yarinyar, na auna na rubuta a kati. Da za ta fita sai ta ɗaga kai ta dubi kwanon, ta ce rufin ya yi kyau, Allah ya sa a mora. Ta fita abinta. Ina rufe ɗakin na wuce wurin Inna Delu na zayyana mata komai. Ta ce in ɗauki mayafina, ita za ta raka ni. A ƙofar gidan maigari, bayan la'asar, gaban dattawa da Adamu da mahaifinsa, na faɗi abin da na rubuta maka nan, har da maganar da na yaɓa wa Suma'ila a shagon Mala. Wasu suka ce niyyata mai kyau ce. Wani dattijo ya ce kuɗin taya ba na rufi ba ne, kuma shirun da na yi ya fi sayen muni. Ban musa ba. Adamu ya tashi ya tafi.

Na koma Zinder na tambayi likitan da ya yi wa Barira aiki ko da mun iso da wuri ɗan zai rayu. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, mahaifar ta riga ta fara rabuwa tun a gida, amma awa biyu ba kaɗan ba ne. Na je wurin Mala da fasasshiyar tayar, ya juya ta ya ce ko mai tsada tana iya fashewa in ta taka ƙarfe, sai dai wannan ba abin da ta taka, zafi da nauyi ne suka raba ta daga ciki. Na so ɗayansu ya ba ni abin da zan riƙe in samu barci. Ba wanda ya ba ni, kuma na gode musu da ba su yi mini ƙarya ba.

Yanzu motar tana jingine a kan duwatsu a bayan gidan likita. Dattawa sun sake zama a kan taya, har wasu suka ce a sayo masu araha biyu a cike gurbin tunda hannu ba ƙarfi a wannan lokaci na shuka. Aka aika a tambayi Suma'ila, ya ce ko an mayar masa da makullai ba zai sake ɗaukar mai naƙuda a kan irinsu ba, huɗu masu kyau ko a bar ta a ajiye. Wannan karon ba wanda ya ce masa aikinsa tuƙi. Na sayar da maraƙin da nake kiwo, Zakari ya ƙara da abin da ya samu, muka sayo biyu. Mata suka yi karo-karo, amma bai kai ta uku ba.

Jiya da safe ina shara sai ga Adamu yana janye da farin rago. Tun ranar da na yi magana bai ko dube ni ba. Ya ɗaure ragon a jikin motar, ya ce shi ne wanda ya yi kiwonsa don suna, Barira ta ce ba za ta iya ci gaba da jin kukansa a gidan ba, a sayar a cika kuɗin taya. Ya ce bai zo don ya ce mini komai ya wuce ba, zuciyarsa ba ta kai nan ba tukuna. Amma ƙanwarsa Sa'a tana wata tara, kuma ba ya son kowa ya tuƙa ta sai Suma'ila. Sai da ya yi nisa na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar hatsarin.

Kawu, ba kuɗi nake roƙo ba, da ragon nan za mu kai ta uku, ta huɗun ma Allah zai kawo. Abin da nake roƙo shi ne ka kira maigari ka ce a mayar wa Suma'ila makullansa, domin ya ce ba zai bayar ba sai da bakinka. In da hali ka kira Suma'ila shi ma, ya ji daga gare ka cewa ka san bai ci amanarka ba. Ni na je har gida na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma sunansa a wurinka aka ɓata. Kuɗin motar kuwa na riga na ce wa dattawa su ba wani ya riƙe. Duk hukuncin da ka ga ya dace da ni, zan karɓa. Sai dai kada ka jinkirta, mata uku ne watansu ya tsaya a garin nan, kuma amalanke kawai gare mu.

Ka gaishe mini da Inna Hajjo da kyau, da Abdulaziz da Nafisa, Allah ya ba su sa'ar karatu. Inna Delu tana gaishe ka, ta ce ka sassauta mini. Zakari da yara suna gaisuwa. Ka sa Barira a addu'a, har yanzu ba ta iya ɗaukar tulu.

Wassalam. 'Yarka mai neman afuwarka,
Zakiyya.