Musa Marini da Shafin da Na Ɓoye

Guangzhou, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayata Hajiya Jumai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara duka. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau muke. Uwargida Saudat ta warke daga murar da ta yi fama da ita, yara suna makaranta, har ƙaramar ta fara yi mana gyara idan muka yi kuskure a Sinanci. Kasuwa kuma da godiya, ko da yake tun da aka tashi daga baje kolin Pazhou ƙafa ta ɗan ɗauke.

Yaya, za ki yi mamakin ganin takarda da hannuna alhali kullum muna waya. Maganar ce ba ta waya ba, kuma ba na so ta shiga zauren danginmu na WhatsApp, shi ya sa na ba Sabiru, maƙwabcina a kasuwar Canaan da zai taho Kano, ya kawo miki hannu da hannu. Na lura kin lura da shiruna tun da aka fara murnar nan ta Ikram, 'yarmu da ke karatu a Amurka. Kowa ya yi magana a zauren ban da ni. Ba rashin lokaci ba ne. Ƙyashi ne ya kama ni, Yaya, irin wanda ban san ina da shi ba, kuma ya sa na aikata abin da nake jin kunyarsa.

Ke shaida ce a kan yadda na ɗauki labarin Musa. Tun muna yara marigayi kakanmu Malam yake sa shi a addu'a, yana cewa ɗan'uwan kakan kakanninmu ne da aka kama lokacin yaƙi yana saurayi, aka yi kudu da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sauran yara suna jin labarin su wuce, ni kuwa ya zauna mini a rai. Duk zuwan da na yi gida cikin shekara goma sha ɗayan nan, sai na ware kwana biyu na tafi Kaduna, wurin ajiyar tsoffin takardun zamanin Turawa, ina shaƙar ƙura ina buɗe fayil. Ke da kanki kin taɓa yi mini faɗa, kika ce na zo ganin rayayyu amma na tare wurin matattu. A zuwa na huɗu na samu rahoton wani Baturen mulki na shekarar 1912, wanda ya zauna da dattijon gidanmu na lokacin ya rubuta asalin marinan garinmu. A ciki dattijon ya ambaci ƙanin kakansa, Musa, da irin tsagar gidanmu. Na ɗauki hoton shafukan, na turo zauren dangi. Mutum uku ne suka amsa, ɗaya ma cewa ya yi rubutun ba ya karantuwa.

To, a watan Afrilu, a Pazhou, na tsaya sallar azahar a wani lungu, sai wani baƙar fata dogo ya zo ya bi ni. Da muka idar muka gaisa, ya ce sunansa Abdulhakeem, Ba'amurke ne daga Louisiana, yana sarin riguna, kuma ya musulunta shekara ashirin da suka wuce. Da ya ji ni Bahaushe ne sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce shekara tara yana bin asalinsa a takardun coci da na kotu da na ƙidayar mutane, har ya kai ga wata takardar rabon gado ta 1811, inda aka lissafa kakansa a tsakanin bayi, kuma an rubuta cewa Bahaushe ne. Washegari ya same ni a shago da hoton takardar. Da Faransanci take, don haka na kira Al-Amin, wani ɗan Damagaram da ke sayar da takalma a bene na biyu, ya karanta mana. Sunan bawan Musa, shekarunsa kamar ashirin da biyar, gwani ne a aikin shuni, yana da tsaga uku-uku a kunci da bille a hagu. Yaya, tsagar gidanmu ke nan. A layi ɗaya aka jera shi da shanu da kujeru. Muka zauna mu uku muna hawaye, har laoban ɗin, wato ɗan Sin ɗin da ke kawo mini kaya, ya leƙo ya koma da baya, ya zaci rasuwa aka yi mana.

Ni na ba shi lambar Ikram. Na ga tana karatu a can, ita ce za ta iya zuwa ta ga ainihin takardar. Yarinyar nan da na goya, wadda ko sunan kakanmu na uku ba ta sani ba sai da na rubuta mata. Ta je, ta gani, suka yi gwajin jini ita da shi, sakamako ya nuna akwai dangantaka ta nesa. Sai ga bidiyonta a zaure, tana tsaye a gaban tsohuwar gonar da aka bautar da shi tana kuka, tana cewa ta gano Musa. Ta gano! Kwana uku wayata ba ta huta ba. Masu kabbara, masu guɗa, har waɗanda ban taɓa jin muryarsu a zauren ba. Baffa Tankari ya yi saƙon murya na minti bakwai, ya ce Allah Ya yi wa Ikram albarka, ita ce ta ɗinke zumuncin da ya yanke shekara ɗari biyu, kuma idan ta rako baƙon Kano a ƙarshen shekara zai damƙa mata littafin nasabar Malam, don ita ta cancanci riƙe shi. Na saurara har ƙarshe ina jiran sunana. Bai zo ba. Littafin da na roƙi Baffa sau biyu, ya ce mini ƙasar Sin ta yi nisa. Ashe Amurka ce kusa.

Ni kuma ba zan samu zuwa ba, takardun zamana suna wurin sabuntawa, fasfo ɗina ba ya hannuna. Za a yanka rago, a zaga da Abdulhakeem marina, a nuna masa kabarin Malam, ni ina nan ina jin masu kaya suna ce mini meiyo, wato babu. Na kai har ina gaya wa Saudat cewa gwajin nan ba hujja ba ce, Musa nawa ne a ƙasar Hausa, marina nawa ne. Ta dube ni ta ce ai ba haka na ce ba ranar da Al-Amin ya karanta takardar.

Ga abin kunyar. Abdulhakeem ya dawo nan baje kolin Oktoba, muka ci abinci tare a wani gidan abincin Musulmi kusa da Guangyuan. Ya yi ta yaba Ikram, yana kiranta ƙanwarsa, ni ina murmushin dole. Can sai ya ajiye cokali ya ce abu ɗaya ne ya rage masa. Ya ce a duk takardun da ya bi, Musa ba shi da uwa ba shi da uba, kamar daga cikin jirgin ruwa aka haife shi. Ya tambaye ni ko a wurinmu an san sunan matar da ta haife shi, domin yana so ya riƙa yi mata addu'a da suna, kuma 'yarsa tana da ciki. Yaya, na sani. Rahoton Baturen nan shafi biyar ne, huɗu na turo zaure, na biyar ya fita dishi-dishi ban tura ba, kuma a nan sunan yake. Amma na dubi idon bawan Allahn nan na ce masa ban sani ba. A raina ina cewa idan na faɗa, gobe Ikram za ta yi wani bidiyon da shi. Ya gyaɗa kai, ya ce ba komai, abin da ya samu ma ya gode wa Allah. Ya rungume ni muka rabu.

Mako uku ke nan ba na jin daɗin sallata. An raba matar nan da ɗanta tana raye, ni kuma na sake raba su saboda ba a ambace ni a saƙon murya ba.

Shafin yana cikin wannan ambulan, na sa an wanke shi ya fito sosai, na ja layi a ƙarƙashin wurin. Sunanta Fasuma. Dattijon ya gaya wa Baturen cewa bayan an tafi da Musa, ta ƙi yarda a gaji ramin rininsa, ta hana kowa taɓa shi har ta rasu. Ina roƙonki, idan Abdulhakeem ya iso, ki kira shi gefe ki ba shi da hannunki. Ki gaya masa na sani tun ranar da ya tambaye ni, na ɓoye, kuma ina neman gafararsa. Kada ki gyara mini maganar don ki rufa mini asiri. Ikram ta fassara masa, ita ma gara ta ji. Ba ta yi mini laifin komai ba, aikin da na sa ta ta yi, kuma ta yi shi da kyau.

Littafin Malam kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ina so, kuma har yanzu idan na tuna sai na ji zafi a ƙirjina. Amma kada ki yi wa Baffa maganar. Ki dai sa ni a addu'a Allah Ya wanke mini zuciya.

Ki gaishe mini da Alhaji, da Baffa Tankari, da Firdausi da maigidanta, da duk yaran gida. Saudat tana gaishe ki ƙwarai. Idan 'yar Abdulhakeem ta sauka, ki sanar da ni abin da aka samu, da sunan da aka sa.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Ghali