Barkar da Aka Kai wa Suwaiba

Talata Mafara,
9 ga Oktoba, 1983.

Zuwa ga Yaya Abdulhamid,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da iyali a can Ikko. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero kuma ya shigo gida, alhamdu lillahi.

Yaya, sakamakon jarrabawar 'yan aji biyar ya fito, kuma ɗana Hashimu bai ci ba. Ka san ni da kaina na zaɓar masa sabuwar sakandaren garin nan, ta kusa da gidajen ma'aikatan madatsar Bakolori, mai tagogin gilashi da wutar lantarki. Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai. Tun da aka saki ruwa a kanal, malamansu suka kama filayen noman rani. Da an dawo tara sai aji ya watse, a kwashi 'ya'yan mutane zuwa ban ruwa da tsinkar tumatir. Hashimu ya san ranar da ake buɗe wa kowace gona ruwa, amma ka tambaye shi lissafi sai ya sosa ƙeya. Wannan cin amana ne, kuma akwai ranar hisabi. Ni da na yi sakandare na san yadda malami yake, a zamaninmu alli ne a hannunsa ba fartanya ba. Sakandaren Maradun ta ɗan taɓuka. Amma ta Bakura, wadda rufinta ke yoyo, yara na zama a kan bulo, ita ce ta kwashe kusan duka, domin shugabansu ya hana malami ya aiki ɗalibi ko sayen goro.

Cikin waɗanda suka ci har da ɗan farina, wanda bakina ba ya kama sunansa. Kana nan ranar da aka yaye shi, Inna ta miƙa shi riƙo ga ƙanwarmu Suwaiba, ta goya shi zuwa Bakura, ban ko ɗaga kai ba saboda kunya. To, ranar Asabar muka haɗu gidan suna a Birnin Tudu. Muna zaune labari ya shigo cewa yaron ne na ɗaya a makarantarsu, har ana zancen jami'a. Mata suka tashi da guɗa, suka tsallake tabarmata, suka rufe Suwaiba da barka. Wata tsohuwa ma cewa ta yi kyan ɗa ya gaji uwarsa, tana dafa kafaɗar Suwaiba, wadda ko firamare ba ta gama ba! Ita kuwa ta juyo tana dariya, wai in taya ta murna ɗanta ya fitar da ita kunya, sannan ta tambaye ni a gaban jama'a yaya nawa yaron ya yi. Na ce tuwon ya yi daɗi. Me zan ce? Al'ada ta ɗaure mini baki, ba dama in ce ni na yi naƙudar.

Kada ka ce hassada nake. Hassada ga mai rabo taki ce, na sani, ni ma nakan yi wa wasu wannan wa'azi. Gaskiya kawai nake faɗa: ƙwaƙwalwar daga gidana ta fita, makaranta ce ta gyara, Suwaiba tuwo kawai ta tuƙa.

Ga abin da nake roƙo. Shugaban makarantar Bakura ya yarda Hashimu ya maimaita aji biyar a can, muddin yana da gidan kwana a garin. In ya wuce watan nan sun rufe ɗauka, yaron kuma har ya fara zancen neman aikin lebura a kanal. Ba mu da gida a Bakura sai na Suwaiba, ni kuwa bakina ba zai iya roƙonta ba bayan abin da ya faru. Kai ne babba, ba ta ƙetare maganarka. Ka rubuta mata, ka nuna shawarar daga gare ka ta fito. Amma ka bayyana mata sarai: wannan aro ne, ba riƙo ba. In Allah ya sa ya ci, ƙofata za a kawo guɗar.

Ka gaishe mini da Taibatu, da Hamidu, da 'yar auta Gimbiya. Ka duba abin da malamansu ke yi, kada ka duba fenti. Inna tana sa muku albarka. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa da gaggawa,
Lantana.