Sharbat ɗin Furen da Ka Aiko wa Inna

Wad Haddad,
9 ga Sha'aban, 1425

Zuwa ga ƙanena Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da matarka Sawsan da ɗiyata Kausar, wadda har yau a hoto kawai na san ta. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku daga sanyin Suwidin da wahalar baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Abdussalami kullum yana hawasha, gonarmu ta ban-ruwa, dawa ta fara fidda kai, kuma ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinmu, bai yi mana rowa ba bana kamar bara. Ɗiyarmu Mawada ta gama makaranta, ta yi tsawo har ta wuce ni. Na zaɓi in rubuto ne saboda duk ranar da ka bugo waya Inna tana manne da kafaɗata, ba na iya ce maka komai sai lafiya lau. To ba lafiya lau ba ne, Ɗayyabu. Inna tana ƙarewa, kuma ina so ka zo ka gan ta.

Bari in fara daga kwalbar da ka ba Jibril ɗan Malam Salihu ya kawo lokacin da ya zo hutu. Kai ma da wayonka, ka aiko da abu ba ka ce ga yadda ake yi da shi ba, rubutun jikinsa kuwa ko Mawada mai boko ta kasa karantawa. Mu dai hoton wasu fararen furanni ƙanana muka gani. Inna ta buɗe ta shinshina, ta yanke hukunci cewa turare ne, a ajiye a zuba a humrar bikin Mawada. Gwaggo Dije ta ɗiga a hannu ta shafa har bayan kunne, ta wuni tana korar ƙuda, tana cewa turaren Turawa ƙarfi gare shi. Sai da Jibril ya zo yi mana sallama ya ji labari, ya yi dariya har da hawaye, ya ce sharbat ne na furen wata bishiya ta can, ana zuba kaɗan a cika da ruwa a sha. Rabon da in ji Inna ta yi dariya irin ta ranar, tun Baba yana da rai.

Daga nan gardama ta tashi. Ka san yadda muka ɗauki zobo a nan, karkade: mai hawan jini ba ya shan sa da zafi, don an ce mai sanyi ne ke sauke jini, mai zafi ɗaga shi yake yi. Ni na ɗauka duk ruwan fure haka yake. Na haɗa mata da ruwan randa, ta kurɓa, ta ce ƙamshinsa kamar furen lemun tsami bayan ruwan sama, amma ba haka Autanta yake sha ba. Wai mutumin da ke zaune cikin ƙanƙara ba zai sha abu mai sanyi ba, a ɗora mata ruwa a gawayi. Jibril ya gaya mata su ma can da sanyi suke sha in an yi zafi, ta ce Jibril bai san ka ba, tun kana ƙarami ko kunu ya huce ba ka sha. Haka ta bar jabanarta, gahawar da take sha da safe, ta koma wa sharbat ɗinka. Kowace hantsi, rana na dukan kwanon ɗaki, tana gumi tana hura kofi, tana cewa yanzu haka kai ma kana sha. Na ɗanɗana, gaskiya da zafin ya fi ƙamshi, amma hankalina bai kwanta ba.

Mako uku ana haka, ranar wata Talata ta faɗi a bakin randa, hannun dama ya mutu, baki ya karkace. Muka kai ta asibiti a Madani. Kafin mu dawo mata sun gama magana a unguwa, wai ni na ɗura wa tsohuwa mai hawan jini ruwan fure da zafi. Gwaggo Dije ta faɗa mini a idona. Likita ya ce ba ruwan sharbat, ciwon ya daɗe yana tafe, amma ban ji tasa ba, ta mata na ji. Na ɗauke kwalbar na cusa cikin buhun dawa, na ce wa Inna ta fashe. Wannan kuskuren ba zan yafe wa kaina ba. Inna ba ta yi faɗa ba, ta juya fuska bango kawai. Kwana huɗu ko ruwa sai da roƙo, kunu ta ture, madara ta ture, leɓɓanta suka tsattsage. A rana ta biyar na ciro kwalbar ina kuka, na dafa ruwa na haɗa, ta shanye kofi guda, ba ta ko tambaye ni yadda fasasshiyar kwalba ta haɗu ba.

Tun daga ranar shi kaɗai take karɓa da daɗin rai, sai ta sha shi sannan a samu ta haɗiyi cokali biyu na kunu. Na yi ta rage abin da nake zubawa, daga cokali zuwa ɗigo, har kwalbar ta ƙare kwana goma da suka wuce. Sai na dafa sukari da ɓawon lemun tsami na zuba a ciki, ina haɗawa a gabanta don ta ga kwalbar, ina ganin na yi dabara. Shekaranjiya bayan la'asar ta riƙe ni da hannunta mai lafiya, ta yi magana a hankali da bakin nan nata da ya karkace: "Hadizatu, halas, ya isa, na san lemunki na. Ina sha don kak ki ji ciwo. Kak ki ce ma Auta shi aiko wata, in ya aiko ya samu dalilin zama." Na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Ɗayyabu, shekara tara ke nan rabonka da gida. Na san batun takardu, na san aiki, kuma ko mutane suna maganarka ni ke tare maka. Amma kowace shekara kana cewa bayan Sallah, ni kuma ina ɗauka in kai mata yadda ka faɗa. Likita ya ja Abdussalami gefe ya ce in akwai na nesa a kira shi. Ta rame har ni kaɗai nake ɗaga ta in canja mata shimfiɗa, matar da ke ɗaukar buhun auduga tun daga hawasha har ma'auni ba ta sauke ba. Wani lokaci ina jin haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba, sannan in tuna kai ma can ba ka da uwa ba ka da yaya, sai tausayinka ya kama ni. Azumi saura kwana ashirin. In da hali, ka zo ku yi buɗa baki tare ko sau ɗaya ne, ko da hannu rabbana ka zo.

Abdussalami yana gaishe ka da kyau, Mawada ma haka, Gwaggo Dije kuma ta ce ka yi gaggawa. Ka gaishe mini da Sawsan, ka shafa mini kan Kausar, ka gaida Jibril in kun haɗu. Inna ba ta san na rubuto ba. In kuwa ka san ba za ka iya zuwa ba, don Allah ka faɗa mini gaskiya, in daina ce mata kana hanya. Ta yarda da ni, har ta sa mun juya mata gado ya fuskanci ƙofa.

Wassalam.

Yayarka,
Hadizatu