Kin Sa Mini Gishiri, Kin Shanya Ni

Zuwa ga Bushira, ruwan farkon damina, inuwar tsamiya ga matafiyi, farin watan da ya ƙi leƙowa gidanmu!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ni ne dai Hamidu mai fatu na kasuwar Tudun Wada, idan har ba ki manta da ni a cikin layin marasa lafiyarki ba.

Kin tuna ranar da wuƙar fiɗa ta zame ta tsaga mini tafin hannu, aka kawo ni ƙaramin asibitinku jini na zuba? Kika wanke, kika ɗinke, kika naɗe, yatsunki kamar auduga sabuwar tsinka. Da na ce hannu ya daina zafi amma ƙirji ya fara, sai kika yi dariya kika ce da Turanci za ki yi "cure" ɗina. Wayyo! Kalmar nan na riƙe ta shekara biyu cur, ina juya ta a baki kamar alewa, don kowa ya ce mini ma'anarta warkarwa.

Jiya na kai ta wurin abokina Malam Sha'aibu, mai koyar da Turanci a Burumburum. Ya buɗe ƙamus ya ce eh, warkarwa ce, kuma ana kiran maganin kansa da ita. Sai ya sauke yatsa ƙasa kaɗan, ya kama dariya har da tari. Ashe Bature da wannan kalmar yake faɗin a barbaɗa wa nama ko fata gishiri, a shanya a rana don kada ta lalace! Sana'ata ke nan tun ina yaro, ban san sunanta nake lallaɓawa ba.

Haba, ke kuwa! Sai yanzu na gane gwanintarki. Kin miƙe ni kamar ƙirgi, kin kafe ni da turakun "sai na yi shawara", kin barbaɗe ni da murmushi daidai yadda ba zan ruɓe ba, kin bar ni a rana. Wane majemi ne ya kai ki iyawa? Ga ni na bushe ƙamas, zan shekara goma ban yi wari ba. Madalla da aikin lafiya!

Amma ya hasken idona, na ji za a mayar da ke Doguwa ƙarshen watan nan. Wa zan riƙa kawo wa ciwon kan ƙarya kowace Talata? Wa zai duba ni ya ce lafiyata ƙalau, alhali ya san ba haka ba ne?

Abu ɗaya nake roƙo. Ki ba ni izini Kawu Ghali ya je garinku Ƙofa ya gaida Babanki kafin ki tafi. Sau biyu yana wanke babbar rigarsa yana ninkewa, ya ce idan aka kai ga wanki na uku ni zan yi da hannuna, kuma a bainar jama'a. Ki ji tausayin mutuncina in ba ki ji na zuciyata ba.

Ko kin ce eh, ko kin yi shiru, ko Doguwa ta koma bayan duniya, wallahi ba zan kalli wata ba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Hamidu