Hular Jam'iyya da Gayyar Bana

Zuwa ga masu girma, mahaifina Malam Garba da Baffa Sarkin Noma.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, da Inna da yara. Ni Manniru na rubuta wannan da hannuna.

Ga abin da Zulkifilu ɗan maƙwabcinmu ya yi mini a Wuse. Muna kallon muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa a shagon aski, na ce namu ya kayar da nasu, domin shi kaɗai ya ambaci talaka. Sai Zulkifilu ya ce, "Oga farfesa, yaushe ka fara jin Turanci?" Ya fizge hular jam'iyya daga kaina, ya goge takalminsa da ita.

Na kwashe kayana daga ɗakinsa, inda nake zaune. Yanzu a bakin wata rumfa nake kwana, amma kada Inna ta damu, akwai iska.

Roƙona, ranar gayyar gonar su Zulkifilu kada ɗan gidanmu ya ɗauki fartanya. Allah ya ƙara girma.

Shaidu su ne Yamusa mai aski, da Helen mai abinci, da Kabir direba, wanda ya yi dariya. Shi ma ina binciken garinsu.