Gilashi Arba'in, Ɗaya Naki Ne

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Ya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke cewa saƙon nan ya iso. Wata bakwai ya yi a hanya, ke kuma wata uku ke nan da binne ki.

'Yar kwalba ce, ba ta kai ɗan yatsa ba, a cikin ƙanƙarar da ta kusa narkewa. Duk mun ɗauka zafin Maiduguri ya kashe shi.

Kin tuna ranar da kika tambaye ni mene ne wannan antibodi da nake ta jira? Na ce miki a tsakiyar kowace ƙwayar halitta akwai wani ɗan ɗigo, nukliyolus, kuma akwai furotin da ke zaune a ciki, wanda yake yawaita idan ciwon daji ya fara gudu. Antibodi shi yake nemo furotin ɗin, ya manne masa, ya bar sauran. Kika yi dariya har tari ya kama ki, kika ce, "Ashe maraƙi ne. A kai shi Kasuwar Shanu ma sai ya gane uwarsa."

Da aka yanki ɗan naman ƙirjinki don gwaji, ke da kanki kika dangwala yatsa cewa a sa shi cikin bincikenmu. Kika ce in na gan ki a ciki in gaishe ki.

Jiya muka gwada. Ya yi aiki, Ya. Ɗigo-ɗigo kore, suna haske, daidai inda ya kamata. Abokan aikina har da tafi. Ni dai ina zaune, ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Ruwa na sha na koma kan madubin da muke duba ƙwayoyin halitta da shi.

Ƙa'idar aikinmu ba a rubuta suna a jikin gilashin da ake ɗora ɗan naman a kai, sai lamba, kuma ba a hannuna takardar sunayen take ba. Gilashi arba'in, mata arba'in. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar. Maraƙin ya gane ki. Ni da na sha nononki ban gane ki ba.

Sai na koma farko, na yi wa kowacce sallama.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu cikin sauran talatin da taran, Ya ba masu rai lafiya.

'Yarki,
Falmata